Land Cruiser 79 mai injin 1HZ: yadda take idan kilomita ta taru

Duk wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan Mai'adua, Zango da Ɓaure, ko ya tsallaka Kongolam ya nufi Damagaram, ya san motar nan. Tun 1984 Toyota ke ƙera dangin Land Cruiser 70, injin 1HZ ya shigo a 1990, ita kuma 79 mai buɗaɗɗen baya ta fito a 1999. Injin na gas ne, silinda shida a jere, lita 4.2, ba tobo, ba kwamfutar da ke raba masa mai. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, shi ya sa idan aka jibga mata buhuna a hanyar Kano sai an yi haƙuri da ita wajen wuce tirela. Amma wannan rashin gaggawar ne ke tsawaita ransa. Samun wadda ta haura kilomita 500,000 ba a taɓa sauke injinta ba, ba abin mamaki ba ne.

Abin da ke kashe ta a nan zafi ne, da ƙura, da gurɓataccen mai.

Zafin ya fi komai haɗari. Kan injin 1HZ yana tsagewa idan aka bari ya tafasa, ko da sau ɗaya ne. Kanikawa da yawa suna cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗumama, wai don a rage zafi, alhali cire shi na hana ruwa bin hanyarsa daidai, kuma da sanyin hunturu injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya riƙa cin kansa. A bar tamostat a wurinsa. A daina ɗura ruwan rijiya a lagireto, gishirinsa ke toshe ƙananan bututun, tsatsa kuma ta cinye famfon ruwa. Fankar gaba tana da kuloci mai man silikon a ciki. Idan ya tsiyaye za ka ga fanka na juyawa amma ba ta jan iska, allurar zafi ta riƙa hawa a rairayi ta sauka a kwalta. Masu ɗora masa tobo daga baya su sani fiston ɗinsa ba a yi shi don wannan zafin ba.

A canza baƙin mai duk kilomita 5,000, har da filta. Taimin bel duk 100,000, tare da tenshina. Akwai fitilar T-BELT da ke kamawa, sai dai wasu masu sayarwa kashe fitilar kawai suke yi, bel ɗin na nan yadda yake. Idan ya tsinke a kan gudu, fiston zai daki bawul, aikin ya koma na sauke kan inji.

Lokacin hazo a riƙa fito da filtar iska duk mako. A hura ta daga ciki zuwa waje, kada a buga ta da taya, takardar na yagewa ba tare da ido ya gani ba. Man bumburutu kuwa yakan zo da ruwa. A ƙasan filtar gas akwai ɗan makunni na tsiyaye shi. Da fitilar gargaɗin ruwa ta kama a tsaya a buɗe. Famfon man 1HZ ya fi na sababbin injinan gas jure mai mara kyau, amma ruwa na ci masa ciki sannu a hankali.

Ƙafafun su ne ke fara tona shekarunta. A leƙa bayan tayar gaba, wurin ƙwallon ƙarfen nan da sitiyari ke juyawa a kansa. Idan ya jiƙe da wani baƙin kunu, sil ɗin aksul ya mutu, man giya ya gauraye da giris, kuma boris na dab da bi. Sifirin ɗin baya yakan miƙe saboda lodi, bushin ya zube, shasi kuma a duba shi kusa da mariƙin sifirin ko an taɓa walda. Giya ta biyar ba ta son nauyi. Da kaya a baya ko ana jan wata motar, a zauna a ta huɗu.

Ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja tare, na ƙasa mai laushi ne kawai. Tafiya da shi a kwalta na murɗe ƙarafan ciki. A rairayi mai zurfi a rage iskar taya zuwa kamar 20 psi, a mayar da ita kafin a hau titi. Ko ba a buƙata, a kulle hob ɗin gaba, makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba, sau ɗaya a wata a ɗan zagaya, mai ya ratsa.

Shan mai tsakanin lita 12 da 14 ne a kilomita 100, kuma wasu na zuwa da tanki biyu, kowanne lita 90. Jin daɗin zama kam babu. Daga Katsina zuwa Abuja baya zai faɗa maka. Wanda yawancin tafiyarsa a kwalta take, Hilux mai injin fetur 2TR, lita 2.7, ta fi masa: sarƙa gare ta maimakon bel, kayanta sun cika Ƙofar Ruwa a Kano, kowane gareji ya san ta. Sai dai ƙafarta ta gaba ba ta ɗaukar dukan da 79 ke ɗauka.

Mai sayen ta hannu kada ya dogara da lambar da agogo ya nuna, ana mayar da ita baya. Ya je da sassafe inji na sanyi, ya tayar da injin da kansa, ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko hayaƙi na bugowa da ƙarfi, sannan ya duba bakin lagireto ko ruwan na kumfa.