Godox AD200Pro a ranar Garwa: ra'ayina bayan na yi aiki da ita

Duk mai ɗaukar hoto a Garwa ta ƙasar Kamaru ya san cewa masu biki ba sa jiran rana ta yi sanyi. Ana shafa fatiha da hantsi, ango da abokansa su fito ƙofar gida, a ce maka "Mai hoto, bismilla." Rana na tsakar ka, hula ta jefa inuwa a goshi, idanu sun faɗa cikin duhu, ga farar shadda tana walƙiya. In ka saita kyamara don fuska ta fito, aikin da ke wuyan babbar riga ya ƙone ya zama fari fat. In ka saita don riga, fuskar ango ta koma baƙi ƙirin. Maganin shi ne filasha mai ƙarfin da za ta iya ja da rana, abin da ya sa na sayi AD200Pro ke nan.

A da ƙaramar filasha nake amfani da ita, irin wadda ake ɗorawa a kan kyamara mai batir huɗu. A cikin ɗaki ba ta da laifi. A waje kuwa sai na matso har mutum ya fara ja da baya, kuma da zarar na sa mata lema don haske ya yi laushi, shi ke nan, kamar ba a kunna ta ba. Irin waɗannan ƙarfinsu bai cika wuce Ws 60 zuwa 76 ba (Ws shi ne ma'aunin ƙarfin filasha). AD200Pro tana da 200, kusan ninki uku. A aikace, wannan ne ya ba ni damar tsayar da ita nesa kaɗan, cikin ƙaramin akwatin tausasa haske, fuska kuma ta fito da kalarta ta gaskiya ba tare da riga ta ƙone ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun HSS, wato tsarin da ke sa filasha ta yi aiki da shata (labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara) mai saurin gaske, don haka bari in daɗe a nan. Yawancin kyamarori ba sa tafiya daidai da filasha in gudun shata ya wuce 1/200 ko 1/250. A tsakar rana, a ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) da 1/200 na daƙiƙa, sai ka rufe ƙofar hasken lens, wato gilashin kyamara, zuwa wajen f/11 (babbar lamba, ƙaramar ƙofa), sannan komai na bayan mutum ya fito ƙuru-ƙuru: babur, igiyar shanya, yaran unguwa masu leƙe. In kana son baya ya narke a f/2.8, dole shata ta kai kusan 1/3200. HSS na ba ka wannan, har zuwa 1/8000. Amma ba kyauta ba ne. Maimakon bugu ɗaya mai ƙarfi, filasha tana ta ƙyafta haske ne a jere yayin da labulen shata ke wucewa, sai ƙarfi ya ragu sosai, batir ya yi saurin sauka, kanta kuma ya ɗau zafi. Tana da tsarin kariya da ke rage mata sauri in ta yi zafi, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, bai kamata a yi ta harba ta da cikakken ƙarfi ba hutu ba.

Ni dai na koma ɗaura gilashin ND8 a bakin lens. Yana rage haske mataki uku, wato daga f/11 in sauko f/4 ina nan a 1/200, filasha na bugu ɗaya da duk ƙarfinta. Baya yana narkewa daidai gwargwado, wanda ya ishe ni. HSS na bar shi ga abin da ke gudu, kamar mahayan Lamido ranar hawan salla, in na samu wanda ya yarda ya ratso kusa.

Batirinta na lithium ne, kamfanin ya ce yana kai bugu 500 a cikakken ƙarfi. Ban tsaya ƙirgawa ba, amma yana kai ni ƙarshen yinin biki in ban matsa wa HSS ba. Duk da haka na sayi na biyu, saboda ba kullum ake kwana da wuta a unguwarmu ba.

Tana zuwa da kai biyu. Mai gilashi a gaba yana tattara haske ya jefa shi nesa, shi nake sawa in zan ɗauki mutane da yawa a rairayin bakin Binuwai. Mai ƙwan fitila tsirara ya fi cika akwati, shi ne na amarya, don kwalliyar fuska ba ta son haske mai kaifi. Ƙwan yana son lallaɓawa, kada a jefa shi jaka haka nan a hau babur.

Kafin ka biya kuɗi, ka sani ba ta hawa kan kyamara. Sai da sandar kafawa, da na'urar da ke ba ta umarni daga kyamara, X2T ko XPro, kuma ka duba harafin ƙarshe: C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Sai kuma yaro mai riƙe sanda, domin iskar hunturu ba ta raga wa lema. Ba a yi ta don ƙura ko ruwa ba, ni da na dawo nake bin ta da burushi.

Wanda aikinsa hoton fasfo ne da walimar cikin zaure, ƙaramar filasharsa ta wadatar, kada ya ɓata sefarsa. Wanda ke ɗaukar dangi ashirin a fili da azahar, AD600, babbar filashar Godox, ce tasa, sai dai ya shirya ɗaukar nauyi. Mutum ɗaya zuwa huɗu a rana, a kan babur daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya, AD200Pro ce nake ɗauka.