Hayar saba ko biyan kuɗi da mita?

Ƙanena da ke Samaru ya haɗa wa wata makarantar sakandare shafin duba sakamakon jarrabawa, sai ya zo mini da tambaya: "Yaya, in kama hayar saba ta wata-wata, ko in bi tsarin biya gwargwadon amfani?"

Saba (server) ita ce kwamfutar da ke ɗauke da shafi a intanet. Hayarta kamar kama shago ce a kasuwar Sabon Gari: a yi ciniki ko kar a yi, kuɗin haya na nan. Daɗinta, ka san abin da za ka fitar, kuma Amazon, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ba da hayar saba, na yin ragi har kashi 72 cikin ɗari ga wanda ya ɗaure kansa na shekaru.

Ɗaya tsarin, irin AWS Lambda na Amazon da ya fito a 2014, mita ce kamar ta lantarki, ana lissafin lokacin da shafin ya yi aiki da milisakan, wato ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Shafin makaranta kuwa sai ya yi wata uku shiru, ranar sakamako iyaye su yi masa dafifi. Mita ta fi dacewa da shi. Sai dai farashin ne zai tsara ginin shafin: dole a yanka aikin gunduwa-gunduwa, don Lambda ba ya wuce minti 15 a duk lokacin da aka sa shi aiki. Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su ake biya, shi ya sa na ga yana ta matse hotunan ɗalibai. Ga shi farashin da dala aka yanka, kowa kuma ya san halin naira tun 2023.

Na ce ya ɗauki mita, amma ya kunna saƙon gargaɗin kashe kuɗi tun kafin ɗalibi na farko ya shiga.