Ziyarar Al-Hada daga Makka: wuri ya yi, jagora ya ɓata mana rana

Duk wanda ya yi Umra ya san masu tallan ziyarar Ɗa'if da ke bin otal-otal. A hannun ɗayansu muka sayi kujera ni da maiɗakina, bisa alkawarin za a kai mu Al-Hada, wani gari a kan tsauni kusa da Ɗa'if, mu hau motar igiya, wato mai tafiya a sama rataye da waya, mu wuce tsaunukan Shafa, mu ga gonakin wardi, sannan a tsaya a miƙati a dawowa. Kuɗin kun san shi, ba ƙarami ba ne.

Hanyar kam sai wanda ya gani. Mota na ta nannaɗe dutse tana hawa, kunne na toshewa, kafin ka ankara zafin Makka ya ɓace, hazo ya sauko har kan titi. Al-Hada tana wajen mita 2,000 a sama, ga mu da jallabiya shara-shara, babu wanda ya ce mu riƙo rigar sanyi. Birai kuwa sun cika bakin hanya. Wata Hajiya ta zuge gilashi za ta ɗauki hoto, wani ƙato ya fizge ledar burodinta ya haye dutse, muka yi ta dariya har da ƙwalla.

Jagoran Bahaushe ne haifaffen Makka, kuma da fari ya burge ni. A Masallacin Addas ya ba mu labarin zuwan Annabi (SAW) Ɗa'if a shekara ta 10 da aike, yadda aka jefe shi, da yadda Addas, bawa Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. Wallahi jikin kowa ya yi sanyi. A raina na ce kuɗinmu ya halatta.

Ashe da saura. Daga Masallacin Abdullahi bin Abbas, inda ya ba mu minti goma kacal, sai ya zarce da mu masana'antar turaren wardi. Gonar da muka gani a hoton talla jajir da fure? Kore kawai. Wardin Ɗa'if a watan Maris da Afrilu ake tsinkarsa, mu kuwa a Disamba muka je, kuma ya san da haka sarai lokacin da yake karɓar kuɗinmu. Aka nuna mana tukwanen tagulla da ake dafa furen, babu wuta a ƙarƙashin ko ɗaya, sai aka kora mu shago. Nan muka share kusan awa biyu. Shi yana gefen mai karɓar kuɗi yana shan shayi, duk wanda ya biya sai ya leƙa rasit ɗinsa. Ai ko yaro ya gane la'ada ake lissafi. Na ce masa, "Malam, rana fa tana tafiya." Ya ce, "Haƙuri Alhaji, Hajiyoyi ba su gama ba." Ai ba za su gama ba, tunda kai kake ƙara musu ƙwalabe a kwando.

Da muka koma Al-Hada, layin motar igiya ya yi tsawo, ya ce babu lokaci. Shafa kuwa ko hanyarta ba mu ɗauka ba. A miƙatin Wadi Muharram, wurin da ya fi komai muhimmanci ga masu son sake Umra, ya tsaya yana tafa hannu yana "yalla, yalla", wani dattijo ya shigo mota da harami a karkace, ko nafila bai samu yi ba.

Wurin zan koma in Allah ya yarda, amma da tasi, mu uku ko huɗu mu haɗa kuɗi, kuma a watan Afrilu. Na tura wa kamfanin saƙo ta WhatsApp a kan su mayar mana da kuɗin motar igiya, sun karanta, har yau shiru.