Sharhi: mai haɗa akwatin kifi da ya ƙi sayar mini da kifayen da na nema

Duk mai son ajiye kifin ado a falonsa a Katsina, ya nemi mai sayarwar da zai iya ce masa a'a. Abin da na fi yabawa ke nan a aikin matashin da ya haɗa mana akwatin gilashi na kifi a gidanmu da ke unguwar Ƙofar Ƙaura. Na jinkirta rubuta wannan sharhi sai da kifayen suka ga bazara suka ga hunturu a hannunmu, domin a garin nan nan ne ake gane ko zaɓin da aka yi maka na gaskiya ne.

Aikin nasa a dunƙule yake: akwatin, teburinsa na ƙarfe, matatar ruwa, fitila, rairayi, tsirran ruwa, sai kifaye, sai kuma leƙowa lokaci-lokaci. Namu tsawonsa santimita 100, faɗi 40, tsayi 40, wato yana ɗaukar kusan lita 160. Haɗin gilashin ya yi kyau, bai taɓa yoyo ba, teburin kuma ba ya rawa. Wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi a kansa.

Inda aikinsa ya bambanta shi ne zaɓen kifi. 'Yata ta tara hotuna daga intanet: golfish, niyon tetira mai layin shuɗi da ja, taiga bab, beta mai dogon wutsiya, anjel, da filako wanda ake cewa yana share gilashi. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Kuɗinka ne, amma idan na zuba maka waɗannan wuri guda, kafin wata biyu za ka kira ni ka ce na cuce ka."

Da zafi ya fara, kuma yanzu na yarda cewa a Katsina wannan ce tambaya ta farko. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, ruwan da ke cikin ɗaki kuma yakan kai 30 ko ya ɗan wuce. Golfish kifin ruwan sanyi ne, ga yawan kashi, ga girma da ke wuce santimita 20. Niyon tetira daga ƙoramun yankin Amazon yake, ya fi sakewa tsakanin digiri 20 zuwa 26, a ruwa mai laushi wanda ba shi da yawan ma'adinai. Ruwan rijiyar burtsatsenmu kuwa farin ɓawo yake bari a cikin butar shayi, alamar yawan ma'adinai ke nan. Ya ce niyon ba zai mutu rana ɗaya ba, sai dai ya riƙa kodewa, kuna tsintar gawa ɗaya-ɗaya ba ku san dalili ba. Yarinyar ta ji zafin rasa niyon ɗin, ni ma na ji, don a cikin hotunan babu wanda ya kai shi kyau.

Sauran kuma hali da girman baki ne suka fitar da su. Taiga bab, ɗan asalin Sumatara da Borniyo, tsunken wutsiyar 'yan uwansa yake yi, musamman idan ba su da yawa a garke. Duk kifi mai jan wutsiya a hankali zai wayi gari da ita a yayyage. Namijin beta ba ya zama da wani namijin, kuma sau da yawa yakan far wa namijin gufi, wani ƙaramin kifin ado, saboda launi da faɗin wutsiyarsa. Anjel yana ƙarami kamar ba zai yi ɓarna ba, amma idan ya girma, ƙananan kifaye irin niyon abincinsa ne. Filakon da aka fi sayarwa kuwa, wanda kake saye bai wuce ɗan yatsa ba, yakan haura santimita 30, kuma dattin da yake zubarwa ya fi wanda yake sharewa. Ya ce idan lallai ina son mai lasar gansakuka, akwai irin mai gashin hanci da ke tsayawa a santimita 12 zuwa 15, amma ba kullum ake samunsa ba. Hausawa sun ce sai hali ya zo ɗaya ake abota, a cikin gilashin nan kuwa wanda aka zalunta ba shi da inda zai gudu.

Abin da ya zaɓa mana: gufi takwas, moli huɗu, gurami mai ɗigon lu'ulu'u uku (namiji ɗaya, mata biyu), da koridora shida. Gufi, wanda asalinsa Tirinidad da Benezuwela da maƙwabtansu ne, da moli, dukansu suna son ruwa mai ma'adinai irin namu, kuma suna jure ɗumi. Gurami ɗan kudu maso gabashin Asiya ne, yana da wata gaɓa ta musamman da yake shaƙar iska daga saman ruwa. Koridora ma yakan ruga sama ya haɗiyi iska ya koma ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda ake ɗauke wuta, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Kuma kowa da hawansa: gurami yana sama, gufi da moli suna tsakiya da sama, koridora yana ƙasa yana tonon rairayi da gashin bakinsa. Babu mai tare wa wani hanya.

Akwai ƙananan abubuwa da ya lura da su waɗanda suka nuna mini ya san aikinsa. Ya ce koridora ba a ajiye shi ɗaya ko biyu, sai a garke, in ba haka ba ɓuya zai riƙa yi. Ya zuba rairayi mai laushi wankakke maimakon tsakuwa mai kaifi saboda gashin bakinsu. Ya sa matan gufi sun ninka mazan, don namiji ba ya barin mace ta huta. Da na ce masa na karanta ana zuba wa moli gishiri, sai ya ce, "A'a Alhaji, ba a wannan akwatin ba. Koridora da tsirrai ba sa so, ruwanka kuma ya ishi moli a haka." Gufi da moli haihuwa suke yi ba ƙwai ba, macen gufi tana iya haihuwa kusan duk wata. Guramin yana cinye wasu daga cikin 'ya'yan, amma duk da haka mun raba wa maƙwabta da dama.

Bai zuba kifi ranar da ya haɗa akwatin ba. Sama da wata guda ruwa yana zagayawa babu kowa a ciki, sai ɗan abincin kifi da yake sa mu jefa. Dalilinsa daidai ne: kashin kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce, wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a sosan matata su ke mayar da ita naitarait, ita ma guba, wasu su mayar da ita naitaret mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Kafin ƙwayoyin nan su yawaita akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Yara sun dame shi da tambaya, bai saurara ba. Ko da lokaci ya yi, kashi-kashi ya kawo kifayen.

Yanzu ga inda ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Ba shi da akwatin killace sabon kifi. Kifayen daga Legas suke tahowa, in ji shi, su sauka Kano, sannan su yi tafiyar kusan kilomita 170 zuwa nan a cikin leda. Kifin da ya sha wannan wahalar ya kamata ya zauna shi kaɗai mako biyu zuwa huɗu a ga lafiyarsa. Shi kuwa daga leda sai falona. Molin da ya kawo sun zo da cutar farin ɗigo, ta bazu, muka rasa moli biyu da gufi ɗaya. Ya zo da magani, ya rage ƙarfinsa saboda koridora, ya biya kifayen da suka mutu ba tare da musu ba. Na gode masa, amma ran da ya tafi ya tafi. Dabbar da ka tsare amana ce a wuyanka. Duk mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa, kuma ba na ganin kifi ya fita daga wannan.

Na biyu, ba ya auna ruwa. Da ido yake dubawa ya ce ruwa ya yi, alhali amoniya ba ta da launi. Sai ni na sayo kayan gwajin ruwa na kamfanin API, mai auna tsamin ruwa da amoniya da naitarait da naitaret, kuma da shi na tabbatar akwatin ya shirya. Mutumin da ya san kifi haka bai kamata a ce ba ya yawo da waɗannan 'yan kwalaben a jakarsa ba. Wayarsa ma ba a cika samunsa ranar da aka fi buƙata ba.

Shawarar da ya ba ni kan bazara ta yi aiki sosai. Ƙaramar fanka ce ake kafawa tana hura saman ruwan, a ɗaga murfi a sa raga don kada kifi ya yi tsalle. Iskarmu busasshiya ce, ruwan yana tashi ya tafi da zafi, yadda randa ke sanyaya ruwa, sai ma'aunin ya sauka da digiri biyu zuwa uku. Ya hana mu jefa ƙanƙara, saboda sanyi na farat ɗaya ya fi zafin illa. Ya kuma ja kunnena cewa cike gurbin ruwan da ya tashi ba canjin ruwa ba ne, tunda ma'adinai da datti suna nan a ciki; duk mako sai an zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu an zuba sabo. Mai amfani da ruwan famfo sai ya sa maganin kashe kulorin tukuna. A Disamba da Janairu kuma hita mai wat 150 da aka saita a digiri 25 ta riƙe su cikin dare. Matatar da famfon iska na haɗa su da solar gida, akwai kuma ƙaramin famfon iska mai batir a ajiye.

Farashinsa ya ɗan fi na masu aiko da kifi ta mota ba tare da bayani ba, kuma ina ganin ya cancanta. Zan sake ba shi aiki. Akwai wani kifi mai jan ciki da ake kira kiribensis, wanda asalinsa rafukan kudancin Najeriya da Kamaru ne, ina son in ajiye namiji da mace. Ya riga ya gaya mini cewa idan suka yi ƙwai za su kori koridora daga ƙasan akwatin, don haka sai da nasu gilashin daban. Na amince. Ni kuma sharaɗina shi ne ya tanadi akwatin killacewa da kayan auna ruwa kafin ya kawo su, ya ce in ba shi zuwa bayan Sallah.