Man gyaɗa ko kananzir wajen cire danƙon takarda

Idan aka ɓare takardar da ke manne a jikin sabuwar kwalba ko kwano, danƙonta kan rage, ya riƙa kama ƙura har wurin ya yi baƙi. Man gyaɗa yana sassauta danƙon a hankali, don haka sai a shafa, a jira kamar minti 15, a goge da tsumma, sannan a wanke da sabulu. Kananzir ya fi shi sauri a kan ƙarfe da gilashi, sai dai warinsa yana daɗewa, yana iya dusashe wasu robobi, kuma kusantar da shi ga wuta haɗari ne. A ganina, duk mazubin da abinci zai shiga, man gyaɗa ne ya dace da shi.