Shekara biyu da damƙa gidan hayar Baba a hannun mai digirin kula da gidaje

Gidan yana Yelwa, a Bauchi, tafiyar da ba ta kai minti goma a ƙafa ba zuwa ƙofar jami'a. Ɗaki goma sha biyu ne: takwas masu banɗaki a tsakar gida, huɗu masu nasu a ciki. Baba, Allah ya jiƙansa, da kuɗin sallamarsa na aikin gwamnati ya gina shi, yau bulo ɗari, gobe bandir ɗin kwano, har ya tsaya. Da ya rasu muka yi shawara ba za a sayar ba, a riƙa raba kuɗin haya. Lissafin kuma ya zo mana da sauƙi, domin Inna ce da tumuninta, mu mata uku, maza biyu. Kashi takwas ke nan cif: Inna ɗaya, mu ɗaya ɗaya, su Yaya biyu biyu. A bakin malami rabon ya yi daɗin ji. Abin da za a raba ɗin ne ya riƙa ɓacewa.

Ni a Gombe nake aure, a nan nake koyarwa. Yaya babba yana Abuja, sauran kowa da inda ya watsu. Wanda ke karɓar mana haya wani dattijo ne, dillali, aminin Baba tun suna samari. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ban taɓa kama shi da cin ko kwabo ba. Amma littafinsa a kansa yake, ga shi da kunya. Ka tambaye shi mai ɗaki na biyar ya biya? Sai ya ce, "Ai ɗan gidan Malam wane ne, ba zai gudu ba." To, bai gudu ba kam, amma bai biya ba. Da malaman jami'a suka tafi yajin aikin nan na 2022, wata takwas cur, ɗalibai suka kulle ɗakuna da kayansu a ciki suka tafi gida. Haya ta ƙare wa wasu suna can, babu wanda ya san ranar da wane ya shiga balle ranar fitarsa. A shekarar nan abin da ya shigo hannuna bai kai kuɗin motar zuwa Bauchi sau huɗu ba. Har mun fara yi wa juna kallon zargi, wanda shi ne abin da na fi tsoro.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da ofishin da nake wannan sharhi a kansa. Ƙaramin ofishi ne a saman bene, a cikin garin Bauchi, mutum uku da kwamfuta biyu da fanka mai ƙara. Mai ofishin matashi ne, ban jin ya haura arba'in. Na shiga na ce an ce mini shi ejan ne. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ejan daban, mu daban." Ya nuna mini takardu biyu a jikin bango da wani hatimi a aljihun tebur. A ranar na fara sanin cewa kula da gidaje da ƙiyasta darajarsu karatu ne da ake zama a yi a jami'a. A Bauchi ma Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tana da sashensa, shekara biyar ake yi, ciki har da wata shida na sanin makamar aiki a ofis. Ana karanta dokar ƙasa, da yadda ake gini, da tattalin arziki, da lissafin kuɗi, da tsarin birane. Digirin kuma ba shi ne ƙarshe ba. Bayan bautar ƙasa sai mutum ya yi aiki a ƙarƙashin wani ƙwararre, ya ci jarrabawar ƙungiyarsu ta NIESV, wadda aka kafa a 1969, sannan hukumar ESVARBON, da dokar soja ta 1975 ta samar, ta yi masa rajista ta ba shi hatimi. Duk wanda zai ba wani amanar gida, ina ba shi shawara ya nemi ganin wannan rajistar. Allo a ƙofar shago kowa ma yana iya rubutawa.

Ni dai tun ranar nake kiransa Safiyo, wato surveyor, sunan masu wannan aiki da Turanci, Inna kuwa "yaron nan mai takardu" take ce masa.

Sharaɗinsu kashi goma cikin ɗari na abin da aka karɓa. Yaya ya ce ya yi yawa, tunda dattijon namu goro kawai ake ba shi. Na ce masa goron nan shi ne ya fi komai tsada a gidan. Muka sa hannu a farkon 2023, daidai lokacin da takardar naira ta yi ƙaranci saboda sauyin kuɗi, sai abin ya zo mana a kan gaɓa: Safiyo ya ce daga yau babu mai miƙa wa kowa kuɗi a hannu, a tura ta banki a karɓi rasit. Babu wanda ya yi gardama, don babu mai tsabar kuɗin ma.

Aikinsu na makon farko shi ne abin da ya saye ni, kuma a nan na ga amfanin karatun. Sun zo da tef da takarda, suka auna kowane ɗaki, suka ɗauki hoton silin da ƙofa da taga da makunnin wuta, suka rubuta sunan mai ɗaki da ranar da ya ce ya shiga. Aka gano ɗaki biyu waɗanda suka kama su sun daɗe da gama makaranta, sun sayar wa wasu da wurin, kuɗin yana shiga aljihunsu. Aka gano ɗaki ɗaya mutum biyar ke kwana a ciki. Sai kuma batun farashi. Ni na ɗauka zai ce a ninka haya ne don la'adarsa ta ƙaru. A'a. Ya zagaya gidajen da ke kusa, ya tambayi abin da ake biya, ya duba wanda ke da rijiyar burtsatse da wanda ba shi da ita, ya dawo ya ce ɗakunanmu masu banɗaki a ciki muna bayar da su da araha ƙwarai, amma na tsakar gida kada mu ƙara da yawa, domin banɗaki biyu ga ɗaki takwas ba abin alfahari ba ne. Aka tsayar da N180,000 ga manyan, N90,000 ga ƙananan. Idan gida ya cika, N1,440,000 ke nan a shekara. A cire nasu N144,000, kashi ɗaya cikin takwas ya kama N162,000 kafin a cire gyara. Ba dukiya ba ce, amma lamba ce da zan iya faɗa wa ƙannena ba tare da murya ta rawa ba.

Kowane wata uku ana turo mana bayani ta WhatsApp, mu shida a lokaci guda: wanda ya biya, wanda ake bi, abin da aka kashe, da hoton rasit ɗin kafinta ko falamba. Tun da aka fara wannan, babu wanda ya sake buga mini waya da dare yana cewa, "Wai ina kuɗin gidan Baba yake shiga ne?" In da wannan kaɗai suke yi, da na ce la'adar ta halatta.

Wani abu kuma da ya tono, wanda dillali ba zai taɓa kawowa a ransa ba, shi ne takardar gidan. Mun ɗauko ta daga akwatin Baba muna ji da ita, ashe takardar ciniki ce kawai, da sa hannun mai unguwa da shaidu. Safiyo ya zaunar da mu ya yi bayani cewa tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin cikin birni yana hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, abin da mutum ke samu shi ne shaidar izinin zama, galibi ta shekara 99. Takardarmu tana nuna an saya, amma banki ba zai karɓe ta jingina ba, kuma ranar da rigima ta taso ba ta kai waccan ƙarfi ba. Mun fara neman ta gwamnati, su ke bin mana sawu, kuɗin wannan aikin daban ne da la'ada, kuma sun faɗa mana tun kafin a fara.

Yanzu ga inda suka ba ni haushi, kuma ba kaɗan ba.

A daminar 2024, cikin watan Agusta, sokawe ya cika ya fara tumbatsa tsakar gida. Wata ɗaliba ta samo lambata ta kira ni tana kusan kuka. Na kira ofis, aka ce an sani, ana jiran farashi daga ma'aikata uku, sannan a rubuto mana mu amince. Na ce, "Safiyo, kashi ne fa yake yawo a tsakar gida, wane farashi uku?" Ya ce ƙa'idar aiki ce, kada gobe magada su ce an kashe musu kuɗi ba izini. Na fahimci tsoronsa, ya san halin magada. Amma kwana goma sha ɗaya aka yi kafin motar kwasa ta zo. Dattijonmu na da, da yammacin ranar zai kira mutumin da ya sani, a kwashe, a yi maganar kuɗi daga baya. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski, ba ya tsaya neman aska uku ya gwada ba. Har ila yau gyaran da suka kawo na bakin ramin ya zo da tsada, ko da yake a shekarar buhun siminti ya haura naira dubu goma, don haka ban ɗora musu wannan duka ba.

Na biyu, yarjejeniyar haya. Shafi biyar, da Turancin lauyoyi, wanda ni da nake koyarwa ma sai da na karanta sau biyu. Inna tana da kashi a gidan, ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta san me ya ƙunsa ba. Na roƙi a yi mana ta Hausa ko da shafi ɗaya ne, aka ce za a yi. Har yau ana yi. Kuma sabon ɗan haya yana biyan kuɗin wannan takarda daban, abin da ban sani ba sai da wani uba ya yi mini ƙorafi.

Na uku shi ne wanda ya kusa raba mu. Akwai wani tela da ke ɗakin bakin ƙofa tun Baba na da rai, shekara goma sha huɗu. Shi ke share ƙofar gida, shi ke tsawata wa ɗalibai in sun ƙure kiɗa, shi ya yi ta ɗawainiya ranar jana'izar Baba. An biyo shi bashin shekara ɗaya da rabi. Kawai sai ga takardar notis an miƙa masa, wata shida, kamar yadda aka saba ba mai hayar shekara, da gargaɗin cewa bayanta akwai ta kwana bakwai, sannan kotu. Ta fuskar doka ban ga inda suka kauce ba. Amma ba a gaya wa Inna ba, ba a bi ta wurin mai unguwa ba, ba a ko zauna da mutumin an ji abin da ya same shi ba. Ashe matarsa ce ta yi doguwar jinya. Inna ta ji labari a gidan suna, ta sa aka kira mata Safiyo har gida. Ina wurin. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce, "Ɗan nan, a makarantar taku an koya muku korar mutum, ba a koya muku tambayarsa lafiya ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, a yi haƙuri, na yi kuskure." Na ba shi wannan, bai kawo wani dogon Turanci ba. Aka janye takardar, aka tsara wa tela biya wata-wata, Inna ta ce a cire rabin bashin daga kasonta. Yanzu saura kaɗan ya gama.

Duk da haka ban ce a koma gidan jiya ba. Abin da ya karya dattijonmu shi ne sabo. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Ɗalibi ba ya jin nauyin tsohon da suke zama benci ɗaya, amma yana jin nauyin takarda mai hatimi. Wanda ke da ɗaki biyu ko uku a cikin gidan da yake zaune, ban ga abin da zai kai shi irin wannan ofis ba, kashi goma ɗin asara ce. Amma gidan gado mai magada da yawa, ko mai gida da ke wani gari, ko wanda 'yan hayarsa ɗalibai ne masu shiga da fita kowace shekara, wannan kuɗin ba a banza yake tafiya ba.

A watan Janairun 2025 muka sabunta yarjejeniya da su, da sharaɗi biyu da na sa aka rubuta da hannuna. Duk gyaran gaggawa da bai wuce N50,000 ba, ruwa ne ko wuta ko masai, a yi shi a ranar, a kawo rasit daga baya. Kuma ba a ba kowa notis sai Inna ta ji da kunnenta. Ya karɓa bai yi musu ba, har ya ce zai sa na farkon a sauran gidajen da yake riƙe da su.

Babban ɗana, da ke ajin ƙarshe a sakandare, shi ke karanta mini bayanin wata ukun nan in ya shigo, har ya fara kama kurakuran jimla. Kwanan baya ya ce shi fa wannan karatun zai cike a JAMB, a Bauchi, ya zauna a ɗaki na biyar kyauta. Na ce lissafinsa ya fara gyarawa tukuna, ɗaki kuwa ya je ya tambayi Safiyo farashi. Hutun da ke tafe zan kai shi ofishin ya yi musu wata guda yana riƙe tef.