Irin girin bins ɗin da na saya, ashe wake ne aka rina

Jama'a duk mai niyyar sayen irin girin bins (koren waken nan da ake ci da ɓawonsa) na cikin leda mai ƙyalli ɗin nan a kasuwa ya yi hattara, wallahi raina ya ɓaci. Mai shagon ba baƙo ba ne gare ni, da damina wajensa na sayi waken suya da kwaruru kuma duk sunka fito lafiya lau, shi ya sa ban yi masa ciniki ba ko da ya faɗi kuɗi, kun dai san yadda suke tsuga wa wanga iri tsada da sunan na waje ne.

An shafe shi da jan maganin nan na iri har ba ka ganin idon ƙwayar, na shuka a bayan gida nan unguwar Mabera cikin Sakkwato farkon Nuwamba don ya samu sanyin ɗari, tunda girin bins ba ya son zafi, furensa zubewa yake yi in rana ta yi tsanani. Fitowa kam ya fito, kusan babu ramin da ya mutu, har ina yabon mutumin a gida.

Sai da kawuna ya zo daga Kwalkwalawa, shi da ya tsufa a fadama, ya duƙa kan kwamin ya daɗe yana kallo sannan ya ce ɗana wa ya ce maka wanga girin bins ne? Na ce Kawu ga ledar nan an rubuta. Ya ce bar ta leda, zo ka gani. Ya nuna man ganye biyu na farko, masu tsini, santsi gare su suna sheƙi kamar an shafa mai, ya tsinki ɗaya ya manna a rigarsa sai ya zame ya faɗi. Can gefe akwai wasu ƴan tsiraru da ni ma na lura ganyensu ya fi faɗi, gindin ganyen ya lotsa ciki, ya tsinki ɗaya ya manna sai ya liƙe a rigar ya zauna, saboda ɗan gashi mai ƙaiƙayi da ke jikinsa. Ya ce waɗannan su ne na gaske, sauran duk wake ne irin wanda ake ƙosai da shi. Wato an zuba na gaske kaɗan an cika da wake an rina.

Abin da ke rikita mutum shi ne dukansu biyu suna ɗago ɓarin ƙwayar sama in sun tsiro, kuma dukansu ganyen da ke biyo baya uku-uku yake zuwa. Da waken suya ne da tun ranar farko zan gane, shi ɓarinsa kauri gare shi kore shar yana daɗewa a kara, ga gashi ko'ina. Kwaruru kuma ƙwayar ba ta fitowa sam, tana ƙasa, ganye kawai za ka gani tsaye kan dogon sili.

Da farko na ce to ai wake ma abinci ne, ganyen ma awaki za su ci, kuma gaskiya iri ne mai rai ba ruɓaɓɓe ba, a bar wa Allah. Amma da na tuna kuɗin ruwan da nake ba masu kura kullum safe da yamma kan abin da ke cikin buhu a ɗakin girki, sai ran ya sake ɓaci. Na koma shagon da tsiro biyu a hannu, mutumin ko kallon kirki bai yi musu ba, wai Malam haka aka kawo muna, ba mu muke ɗurawa ba. Ko haƙuri babu, balle ya ce ga wata leda. Wannan ya fi cutar zafi a wajena, mutum da kake hulɗa da shi.

Yanzu ko na samu iri na gaske lokaci ya ƙure, kafin ya yi fure mun shiga zafin Maris da ke kai digiri 40, sai dai ɗari mai zuwa. Waken suya da kwaruru nasa ba ni da ta cewa, masu kyau ne, amma ni da shagon nan mun gama, kuma duk ledar da zan saya nan gaba sai na wanke ƙwaya kaɗan na ga ainihin launinta a gaban mai shago kafin in ba da kuɗi.